Tambayi Injiniya: Na sayo sabon inji, amma diloli ba su fasa dawo da kaya ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramin kamfanin roba a Sharaɗa, muna buga bokiti da buta da baho. Bara na sayo sabon inji daga Chaina da tunanin za mu huta da kayan damej. Gudu kam yana da gudu, amma har yau dilolin Sabon Gari da masu lodi zuwa Maraɗi suna dawo min da kaya: wani bakinsa bai cika ba, wani kunnensa ya tsinke tun kafin a kai shago. Na canza foman, na yanke wa yara albashi, ba ta sauya zani ba. Yanzu ana ba ni shawara in ci bashin banki in sayo mai kwamfuta, wanda ke cire kaya da kansa, in rage ma'aikata. Me ka gani?
Mai kamfanin roba, Sharaɗa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bashin nan dai a dakata da shi tukuna.

Na bi wasiƙarka ina neman abu ɗaya ban gan shi ba. A cikin kowane bokiti ɗari da injin ya buga, nawa ne ke fitowa a lalace? A wane mol, wato ƙarfen da ke fitar da siffar kayan? Aikin safe ko na dare? Ba ƙure nake yi maka ba, na tabbata ko foman ɗinka ba zai iya amsawa ba. Sana'ar roba tana da wani rufin asiri mai cutar da mai ita. Duk abin da ya lalace sai a wurga shi injin niƙa a sake narkawa, mai kamfani ya ɗauka bai yi asarar komai ba tunda robarsa ta dawo. Robar ta dawo, wutar da ta narka ta fa? Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wutar Band A, wato layin da aka fi ba wuta (a lokacin an kai shi naira 225 kowane yunit), ga kuma gas ɗin janareta, bokitin da aka buga sau biyu ya cinye ribarsa ya haɗa da ta na kusa da shi. Sannan roba duk narkawa ƙarfinta raguwa yake yi. Idan yara suna zuba niƙaƙƙiya da ka, ba awo, yau da yawa gobe kaɗan, ba sai an yi nisa ba wajen neman abin da ke tsinka kunnen bokiti.

Shawarar da ake ba ka, kamfanin da ya fi kowa girma a harkar mota a zamaninsa ya riga ka gwada ta. A shekarun 1980 kamfanin General Motors na Amurka ya ga motocin Japan suna cinye masa kasuwa, sai shugabansa Roger Smith ya yanke cewa maganin abin shi ne injuna masu sarrafa kansu. Aka narka biliyoyin daloli. A 1985 suka buɗe masana'antar Hamtramck a Detroit, maƙare da irin waɗannan injuna, sai ga labari yana fitowa: injunan fenti suna fesa wa junansu maimakon mota, masu ɗora gilashi suna farfasa shi, layi a tsaye ana jiran masu gyara.

Shi wannan kamfani yana da wata masana'antar a Fremont ta jihar Kalifoniya, wadda ya rufe a 1982 don ta gagare shi. Ma'aikatanta sun yi ƙaurin suna. A rana guda sai ka ga mutum ɗaya cikin biyar bai zo ba, ga shaye-shaye a bakin aiki, ga yajin aiki ba ƙaƙƙautawa. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka sa mata suna NUMMI. Ginin nan dai, ƙungiyar ƙwadagon nan dai, kuma mafi yawan ma'aikatan su ne tsofaffin nan da aka ce ba sa jin magana. Injunan ma ba wasu na a-zo-a-gani ba. Mutanen Toyota suka kwashi ɗaruruwan ma'aikatan zuwa masana'antar Takaoka a Japan suka koyo aiki, aka raba su ƙananan ƙungiyoyi, aka rataya igiya a saman layi aka ce duk wanda ya ga matsala ya ja. Shugaban ƙungiya zai rugo ya taimaka, in ba ta warware ba layi ya tsaya. A da, tsayar da layi shi ne babban laifi a ginin nan. Ba a yi shekara biyu ba motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors, fashin aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100. Abin dariya, ginin yanzu na kamfanin motocin lantarki Tesla ne, kuma a 2018 shugabanta Elon Musk ya fito ya amsa cewa ya wuce gona da iri wajen cika shi da injuna masu sarrafa kansu, ya raina amfanin mutane.

Za ka ce wannan harkar manya ce. To ga wadda ta yi kama da tamu. Daga 2008 wasu masana daga Jami'ar Stanford da Bankin Duniya, cikinsu har da Nicholas Bloom, suka shiga masaƙu a kusa da Mumbai ta Indiya, na kamfanoni 17 na gado, irin waɗanda maigida da 'ya'yansa da ƙannensa ke riƙe da komai. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne a wurinmu: zare jibge a sito ba alama, tarkace a kan hanya, inji ba a waiwayarsa sai ya mutu, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikata ba su da aikin da ya wuce gyaran yadin da ya fito da aibi. Wasu masaƙun aka tura musu ƙwararru na tsawon watanni suna koya musu ɗabi'un aiki 38, wasu aka bar su don a kwatanta. Ba sababbin injuna aka jibge musu ba. A rubuta kowane aibi da irinsa, a zauna kullum a duba, a yi wa zare alama, a yi wa inji jadawalin duba lafiya. A shekarar farko amfanin da suke samu daga injunan nan da mutanen nan ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Da aka bincika me ya hana su yi tun da, da yawa gani suke kayansu ba su fi na maƙwabta lalacewa ba, kuma ai ana cin riba.

Saboda haka fara da allo da alli a gefen kowane inji. Duk awa ofareta ya rubuta nawa ya buga, nawa suka lalace, wane irin lalacewa. Kada a kai komai injin niƙa sai an ƙirga an auna. Sayi sikeli, a tsayar da awon niƙaƙƙiya da sabuwa, kowa ya bi. Kullum da safe kai ko manajanka ku tsaya gaban allon nan minti goma tare da masu aikin, a tsaye, ba a ofis ba. Ka kuma riƙe agogo ranar da za a canza mol, ka ga tsawon lokacin daga bokitin ƙarshe zuwa butar farko mai kyau. Mafi yawansa a neman sifana da jiran mai ɗaga mol yake tafiya. Injiniyan Japan Shigeo Shingo ya yi suna ne da abu mai sauƙin faɗa: duk abin da za a iya shiryawa inji yana tafiya, a shirya shi kafin a kashe inji.

Amma allon nan ƙarya za a riƙa rubuta maka a kai muddin kana yanke albashi. Na taɓa shiga wani kamfanin roba da asuba kafin masu aikin dare su tashi, na tarar da tulin bokitai a bayan inji an lulluɓe da tamfol, wani yaro yana ta jida da gudu zuwa injin niƙa kafin manaja ya iso. Na ja ofareta gefe. Ya ce tun tsakar dare ɗaya daga cikin hitocin bututun injin ya mutu, kuma ya sani sarai. In ya tsayar da inji a ce bai cika adadi ba, in ya nuna damej a yanke masa kuɗi. Sai ya zaɓi abin da kowane mai iyali zai zaɓa. Hita ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai na bokitan da ya ɓata a awa guda ba.

Edwards Deming, Ba'amurken da ya je Japan a 1950 ya koyar da masu masana'antu kula da inganci ta hanyar ƙididdiga, ya sha nanata cewa mafi yawan aibi daga tsarin aiki yake fitowa, tsari kuwa a hannun masu kamfani yake, ba a hannun lebura ba. Taiichi Ohno na Toyota kuma yakan sa a tambayi “me ya sa” har sau biyar kafin a yarda an gano dalili. Misalin da ya bayar shi ne inji ya tsaya don fis ya ƙone, fis ya ƙone don nauyi ya yi yawa, nauyi ya yi yawa don mai bai kai ga boris ba, mai bai kai ba don famfon mai ya cinye, famfo ya cinye don ba a sa masa mataci ba, garin ƙarfe yana shiga. Wanda ya canza fis ya tafi, zai dawo. Kai foman ka canza.

Bayan wata uku allo zai gaya maka inda kuɗinka ya kamata ya tafi. Wataƙila injin sanyaya ruwan mol ne, ko na busar da roba, ko a kai mol ɗin a gyara bakinsa. In kuma ya nuna injin da kake da shi ne ke shan wuta fiye da ƙima, to a nan maganar sabo mai ƙarancin cin wuta ta taso, kuma za ka shiga banki da lissafi a hannu.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni ofareta ne a wani kamfanin saƙa buhu. An kawo mana wasu masu ba da shawara, kullum kaizen, kaizen, wai tsarin Japanawa ne irin na Toyota na inganta aiki kaɗan-kaɗan. An ja layin fenti a ƙasa, an kafa akwatin shawara, ana tsare mu taro bayan an tashi, ko sisi ba a ƙara mana. Ni na san yadda mutum ɗaya zai riƙe inji shida maimakon huɗu, amma ina tsoron in na faɗa a sallami abokan aikina. In faɗa ko in yi shiru?
Wani ma'aikaci, Bompai, Kano

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kada wani mai jakar kwamfuta ya ce maka rashin wayewa ne.

Tambayar taka ta girmi motar Toyota. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motar, injunan saƙa yake ƙerawa. A 1924 ya kammala injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, irin dabarar da ke jikin injunanku yau, kuma amfaninsa shi ne mutum ɗaya ya kula da injuna da yawa. To sauran mutanen fa? A 1950 Toyota ta shiga matsin kuɗi ta sallami ma'aikata wajen 1,600, aka yi dogon yajin aiki, shugaban kamfanin Kiichiro Toyoda ya ajiye muƙaminsa. Daga nan aka ginu a kan fahimtar cewa ma'aikacin dindindin ba a korarsa don aiki ya yi sauƙi. A kan wannan alkawari duk tsarin ya tsaya. A NUMMI da na ambata a sama har a yarjejeniya aka rubuta cewa ba sallama sai in kamfanin na fuskantar durƙushewa, kuma kafin a kai nan sai an fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, aiki ya ragu zuwa wajen kashi 60 cikin 100 na abin da masana'antar ke iyawa, ba a kori kowa ba, aka tura rarar mutane horo da gyare-gyare. Tun daga ranar ma'aikata suka san maganar ba ta fatar baki ba ce.

Masu kamfanonin da suke ɗauko fenti da akwati su bar alkawarin, su ne ke mamakin akwati ya cika da ƙura. A Sialkot ta Pakistan, garin ɗinkin ƙwallon ƙafa, wasu masu bincike sun ƙirƙiro sabon ƙarfen yanka da ke rage asarar ledar ƙwallo, suka raba wa kamfanoni 35 kyauta. Bayan fiye da shekara waɗanda suka kama shi ba su wuce shida ba. Dalili? Masu yanka da guda-guda ake biyansu, sabon ƙarfen kuma yana rage musu sauri da farko, ribar ledar kuwa ta maigida ce. Sai suka ce wa iyayen gidansu ai ba ya aiki. Da aka gwada ba su ladan kusan albashin wata guda in sun nuna sun iya, sai ga ƙarfe ya fara aiki.

Batun taro bayan tashi kuwa, ko a Japan sai da aka kai kotu. Wani ma'aikacin Toyota ɗan shekara 30 ya faɗi ya mutu a bakin aiki a 2002, kotun Nagoya ta yanke a 2007 cewa yawan aiki ne ya kashe shi, ta kuma lissafa tarukan inganta aiki da ake cewa na sa-kai ne a cikin lokacin aiki. A 2008 kamfanin ya faɗaɗa biyan kuɗin waɗannan awoyi. Ina faɗar wannan don kada a ɗauka tsarin ba shi da haƙori: in aka matse kowace daƙiƙa, jikin mutum ne ke biya. A dokar ƙwadago ta Najeriya ma, awoyin da aka sa ka yi bayan lokacin aikin da aka tsayar obataya ne.

Ga abin da zan yi in ni ne. Zan fara jefa shawarar da ke rage wahala da haɗari: murfin bel da ya ɓace, inda ake sunkuyo a ɗauki zare, fitilar da ta mutu, ƙarar da ke toshe kunne. Sai in zuba ido in ga yadda za a yi da su. In an gyara cikin mako biyu an kuma faɗi sunan mai shawarar, da alamar gaskiya. Babbar shawarar kuwa ba a akwati za ka jefa ta kai kaɗai ba. Ku kai ta a ƙungiyance, ku nemi a rubuta inda za a mayar da duk wanda aikinsa ya ragu, da kason da zai shigo aljihunku. In an ƙi rubutawa, riƙe abinka.

Tambaya: Injiniya ina yi maka fatan alheri. Ina da ƙaramin kamfanin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A wani taron bita an ce mana tara kaya a sito asara ce, a riƙa sayen na mako-mako kamar yadda Japanawa ke yi. Ni kuwa da kaka nake sayen gyaɗar da za ta kai ni damina. Kuskure nake yi?
Wata 'yar kasuwa, Zariya

Amsa: Hajiya, ci gaba da sayen gyaɗarki da kaka. Wanda ya yi muku bitar bai taɓa zuwa Dawanau a watan Yuni ya tambayi farashin buhu ba.

Toyota tana iya karɓar kaya sau da yawa a rana ne don masu kawo mata suna kewaye da ita a lardin Aichi, hanya lafiya lau, wuta ba ta ɗaukewa, farashi a tsaye. Ko a hakan ta sha wuya. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke yi mata wani ƙaramin ƙarfen birki, layukanta suka tsaya na kwanaki. Bayan girgizar ƙasar 2011 kuma ita da kanta ta nemi masu kawo mata kayan lantarki su riƙa ajiye na watanni. Gyaɗa sau ɗaya ake girbinta a yawancin gonakinmu, kuma wannan ba abin da bita za ta canza ba ne.

Inda maganar tasu take da gaskiya shi ne a tsakiyar aiki da ƙarshensa. Gyaɗar da aka soya ta kwana ba a matse ba, man da aka tace yana zaune a duro ba a ɗura ba, katan-katan na ƙuli da ba wanda ya yi oda har ya fara sauya ɗanɗano, nan kuɗinki yake kwance yana lalacewa. Soya daidai abin da za a matse yau. Ita kuma ta sito, a tabbata ta bushe sarai kafin a ɗinke buhu, a ɗora a kan katako nesa da bango, a rubuta ranar shigowa a jikin kowane buhu, wanda ya riga shiga ya riga fita. Gyaɗa in ta sha danshi takan yi fumfuna mai dafin da ke lalata hanta, kuma a ƙuli ya fi taruwa. Suya ba ta kashe shi.

Tambaya: Malam Injiniya, wani ya ce zai samo mana satifiket ɗin ISO 9001 cikin sati uku in mun biya. Zai gyara mana inganci?
Wani manaja, Kakuri, Kaduna

Amsa: A'a, ranka ya daɗe. Takardar ISO 9001 shaida ce cewa kuna da rubutaccen tsarin aiki kuma kuna bin sa. Ba ta ce kayanku masu kyau ne ba. Shaidar kayan da aka ƙera a gida ta MANCAP ce daga hukumar SON, abinci da magani kuma NAFDAC. In manyan kwastomomi sun nemi ISO ku yi ta, amma ta gaske, wadda takan ɗauki watanni. Ta sati uku bango kawai za ta ƙawata.

Ko ta gasken ma sai da mai tsaron ta. Masanan da suka yi aikin Indiya sun koma masaƙun nan a 2017, suka tarar an watsar da kusan rabin ɗabi'un da aka koya, galibi inda manajan da ya koya ya bar aiki, ko masu kamfani suka daina samun lokacin dubawa. Kafin ku biya kowa, ɗauko littafin duba injunanku na watan jiya ka buɗe. In ka ga daga ɗaya ga wata har talatin biro ɗaya ne, hannu ɗaya, ba ɗigon mai ko ɗaya a shafin, to a ofis aka cike shi rana guda. Ku mayar da littafin gefen inji, mai duba ya sa hannu da lokaci, kai kuma ka riƙa bi kana buɗewa duk ranar Litinin.